Bature ya ce min "Never heard of it": raini ne ko haka suke magana?

BadukunWambai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu Turanci a cikinku ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ni baduku ne a Kano, jaka da alabe da takalmi nake ɗinkawa, kuma na kusa shekara biyu ina saka hotunan kayana a Instagram. Wani Bature ɗan Ingila ya ga wata jakar mata da na yi da jar fata, ya yi min magana, muka koma WhatsApp. Ya tambayi kuɗi na gaya masa, ko ragi bai nema ba. Sai ya ce a wane gari nake aikin, na ce masa Kano. Abin da ya turo min ke nan: "Kano? Never heard of it."

Wallahi sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Na fi minti goma riƙe da wayar, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban ba shi amsa ba. Yadda na ji maganar, kamar cewa yake garin naku ba a bakin komai yake ba. Ƙanina da ya yi digiri ya ce ba haka ba ne, amma bayaninsa bai shige ni ba. To raini ne, ko kuwa haka suke cewa ban sani ba? In raini ne gara na haƙura da cinikin.

MalamarTuranci:
Wa alaikumus salam Malam. Kwantar da hankalinka tukuna. Cikakkiyar jimlar ita ce "I have never heard of it", wato ban taɓa jin sunansa ba. A magana ta baki da kuma saƙon waya sai su yar da "I have" ɗin, kamar yadda mu ma muke cewa "lafiya lau" ba sai mun ce "ina nan lafiya lau" ba. Ita kanta maganar ba zagi ba ce, labari ne kawai yake ba ka game da kansa: sunan nan bai taɓa shiga kunnensa ba. Amma ka faɗa mana, daga nan ya yi shiru ko ya ƙara wani abu?

Bakatsine_Asali:
Malama da girmanki, ni dai ban yarda ba. Mutum ya gaya maka garinsu ka ce baka taɓa ji ba, ba sannu ba yi haƙuri? Ko a ƙauye ba a haka. Raini ne.

BadukunWambai:
@MalamarTuranci ya ƙara. Bayan kamar minti biyu ya sake turo "Is it near Lagos?" Wannan ma ya ƙara ɓata min rai, ina Kano ina Legas.

MalamarTuranci:
To ai ka ga amsarka nan da kanka. Wanda ya raina gari ba ya tambayar ina yake. Yana lalube ne da ɗan abin da ya sani, kuma Legas ce kaɗai ya sani a Najeriya.

UmmuSadiq_Nas:
Yaya Baduku, ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, shekara shida ke nan. Maganar nan in ban ji ta sau biyu a rana ba to na ji sau ɗaya. Abokiyar aikina za ta duba takardar magungunan majinyaci, ta ga wani suna baƙo, ta juyo ta ce min "never heard of it", sai mu buɗe littafin magunguna mu duba tare. Babban likita ma yana faɗa a gaban ɗalibansa, ba ya jin kunya. Tsofaffin da nake kula da su in sun tambaye ni daga ina nake na ce Gusau, amsar ke nan, sannan su ce to ba mu labari.

Farkon zuwana ni ma sai da ta yi min zafi. Wata tsohuwa ce, ina gyara mata matashin kai, ta tambaye ni wane harshe na ji ina yi a waya lokacin hutu. Na ce Hausa. Ta ɗaga gira ta ce ita dai ba ta taɓa jin sa ba. Na fita daga ɗakin ina ta saƙe-saƙe. Washegari da na shigo da safe sai na tarar ta sa jikanta ya binciko mata, tana riƙe da 'yar takarda da ta rubuta "sannu" da biro, hannunta na rawa. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar maganar da zafi ba.

Amma zan ba Bakatsine gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Suna da yadda suke tausasa ta in sun so. Za ka ji "I'm afraid I've never heard of it" ko "I can't say I've heard of it". Wannan ya fi ladabi. Sai dai a WhatsApp, tsakanin mai saye da mai sayarwa, kusan ba mai tsayawa yin wannan.

Dan_Dala:
Ni ba ladabin maganar ne ya dame ni ba, jahilcin da ke cikinta ne. A ce ɗan Ingila bai taɓa jin Kano ba? Clapperton, matafiyinsu mai yawon bincike, ya shigo Kano a 1824 ya rubuta yadda kasuwarmu take. Barth, Bajamushen da gwamnatinsu ta turo, ya zo a 1851 ya yi ta mamakin saƙa da rini. A Fabrairun 1903 sojojinsu suka fasa ganuwa suka ci garin. Su suka jawo layin dogo ya iso a 1911 don kwasar auduga, ya koma kwasar gyaɗa. Tun 1925 jirgin sama ya sauka a Kano, kuma na sojojinsu ne. Shekara hamsin da bakwai suna mulkinmu. Mu an sa mu haddace sunan koginsu da sarakunansu a makaranta, su ko sunanmu ba su riƙe ba.

Kuma abin da ya fi ci min rai, ita kanta fatar da yake son saya. Abin da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, suna yi wa manyan littattafansu bango da ita, kaso mai yawa fatar jar akuyar Sakkwato ce da aka jeme a nan, fatake suka tsallaka Sahara da ita, aka sayar musu a tashoshin arewacin Afirka, sai sunan ya bi inda suka saya. Mai yiwuwa a gidan kakansa akwai littafi mai bangon fatar Kano.

UmmuSadiq_Nas:
@Dan_Dala duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma yawancinsu ba a koya musu tarihin mulkin mallaka yadda ya kamata, wannan na gani da idona. Amma bari in tambayi Yaya Baduku, tsakani da Allah: ka taɓa jin Walsall? Ko Northampton?

BadukunWambai:
Gaskiya ban taɓa ji ba.

UmmuSadiq_Nas:
Garuruwan dukawan Ingila ke nan. Walsall ta yi suna a sirdi da linzami da kayan fata, Northampton kuma a takalmi, har laƙabin ƙungiyoyin ƙwallonsu daga sana'ar aka samo. Sana'arku ɗaya, ba ka san da su ba, kuma da ka ce ba ka taɓa ji ba ba raina su ka yi ba.

Dan_Dala:
Hajiya ba ɗaya ba ne. Mu ba mu taɓa zuwa mun mulki Walsall ba.

DanMaradi227:
Salamu alaikum. Kafin a wuce, ita jar akuyar nan mu a Nijar jar akuyar Maraɗi muke ce mata, haka ma take a takardun Faransanci. Akuya guda ce, iyaka ce ta raba mata suna. Malam Dan_Dala a riƙa sa mu cikin lissafi.

A kan maganar da aka taru dominta kuma, mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muna da namu tarkon. A Faransanci "j'ignore" na nufin ban sani ba, magana ce ma ta masu ilimi. Lokacin da na fara aiki da wata ƙungiyar agaji, shugabar sashenmu 'yar Kenya ce, Turanci take yi. Ta rubuto min tana tambayar ranar da motar kaya za ta iso. Na amsa mata "I ignore." Nufina ban san ranar ba. Kwana biyu ba ta gaishe ni da fara'a ba, sai da wani abokin aiki ɗan Kamaru mai jin harsunan biyu ya zaunar da mu ya bayyana mata. Ashe a Turanci ce mata na yi na yi banza da maganarki. Na ba ta haƙuri, ta fahimta, amma na ji nauyin abin ƙwarai don mace ce mai mutunci.

Irin ta Baturenka kuwa mu ma muna da ita, "jamais entendu parler", ita ma a gajarce ake faɗinta kuma ba zagi ba ce.

Yar_SS3:
Malama don Allah ina da tambaya, jarabawa muke shiri. Mene ne bambancin "heard of" da "heard about"? Malaminmu ya ce duk ɗaya ne amma a littafin tambayoyin baya na ga an bambanta.

MalamarTuranci:
'Yata, suna kusa amma ba ɗaya ba ne, kuma uku ne ma ba biyu ba.

"Heard of" sanin cewa abu yana nan ne a duniya. In na ce "I have heard of Daura", na san akwai gari mai wannan suna, ko ban san komai a kansa ba. "Heard about" kuma jin labari ne, wani abu ya faru ko akwai bayani. "Have you heard about the fire?" wato kin ji labarin gobarar? Na ukun "heard from", shi ne saƙo ya zo miki daga wajen mutum. "I haven't heard from my brother" ba ya nufin ban san yayana ba, yana nufin kwana biyu bai kira ba bai aiko ba.

Sa su a Hausa ki gani: ban taɓa jin sunansa ba, ban ji labarin ba, ban ji daga gare shi ba. Da Baturen nan ya ce "of", ya nuna ko sunan bai sani ba. Akwai wuraren da "of" da "about" ke shiga wa juna, shi ya sa malaminku ya faɗi haka, amma a jarabawa ki bi wannan.

Yar_SS3:
Na gode Malama, Allah ya ƙara basira.

Baba_Fansho:
Ni tsoho ne, shekara talatin da biyar na yi ina aikin gwamnati. Wannan ta Baturen ba ta dame ni ba. Wadda ta ƙona min rai a rayuwa ita ce "I am not aware". Da na ajiye aiki na yi wata goma sha ɗaya ina bin haƙƙina. Fayil ɗina na miƙa shi hannu da hannu, aka buga hatimi a kwafina. In na koma, wanda ya karɓa ya dube ni ya ce "Baba, I am not aware." In haura sama wajen shugabansa, shi ma "I am not aware of your case." Ranar da na fito da kwafin mai hatimin na ajiye a kan teburinsa, ya juya shi gaba da baya, ya sake maimaita min ita. Na sauko daga benen nan ina riƙe da ƙarfen matakala don ƙafafuna sun ƙi ɗaukata.

A ofisoshinmu wannan kalma ba rashin sani take nufi ba. Ƙofa ce ake rufe maka da ita. Shi Baturenka ya ce bai sani ba kuma ya tambaya. Waɗannan sun sani, suka ce ba su sani ba.

Hajiya_Maman_Biyu:
Allah sarki Baba. Allah ya saka maka.

Talaka_Bawan_Allah:
Ai har sama abin ya kai. Ku tuna watan Maris na 2018 da marigayi Shugaba Buhari ya je Makurɗi, ya ce bai san Sufeto Janar na 'yan sanda bai zauna a Binuwai ba kamar yadda ya umarce shi. Tun daga nan kalmar ta zama abin faɗa a bakin 'yan Najeriya.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, dokar zauren nan ba siyasa. An ambata a matsayin misali, ya isa haka. A koma kan Turanci.

Barista_AA:
Ranka ya daɗe Baba_Fansho, abin da ka faɗa yana da tushe a harshen kansa. "I'm not aware" magana ce ta ofis da takarda, kuma tana bar wa mai faɗinta ƙofar fita. A kotu muna ganin haka kullum. Ka tambayi mai shaida, an biya kuɗin? In ya ce "No", ya ɗaure kansa, gobe in rasit ya fito ya yi ƙarya bayan rantsuwa. In ya ce "Not that I'm aware of" ko "Not to my knowledge", cewa ya yi a iya sanina ba a biya ba, ko rasit ya fito zai ce ai ban sani ba ne. Mai gaskiya yana amfani da ita don taka-tsantsan, maƙaryaci yana fakewa a bayanta, kuma daga lafazin kaɗai ba ka iya rabe su.

Wani abu kuma da mutanenmu ke kuskurewa: "I am not aware" ita kaɗai a tsaye ba ta cika zama daidai a kunnen Bature ba, yana jiran ya ji "of" wani abu ko "that" wani abu. In kuma yanzu aka gaya maka labarin, ai ka riga ka sani, sai ka ce "I wasn't aware", wato da ban sani ba.

Direban_Tirela:
Mu a hanyar Legas da Fatakwal ba ruwanmu da wannan dogon Turanci. "I no sabi am", an wuce wurin. Ba wanda ke fushi. In kana son ka ji raini na gaske a Burokan sai ka ji an ce "Who know am?" ko "Who e be?" Wannan kam ko ba ka jin yaren ka san an taka ka.

MalamarTuranci:
@Direban_Tirela ita "sabi" ɗin nan ma ba Turancin Ingila ba ce, daga "saber" ta Fotugis ta samo asali, tun zamanin da jiragensu ke ciniki a gaɓar teku kafin Ingilishi su yi ƙarfi a nan.

Hajiya_Maman_Biyu:
Ni ba Turanci na yi nisa ba, amma tun da aka fara ina karantawa, kuma ina ganin na gano abin da ya sosa wa Malam Baduku rai. Ba Turancin ba ne, Hausar da ke kunnensa ce.

Ku duba, a gidan Bahaushe yaro ya isa babba ya tambaye shi abu ya ce "ban sani ba" ƙwal, ya yi shiru? Ni uwata da ludayi za ta bi ni. "Ban sani ba" in ta fito ita kaɗai ba labari ba ce, tsiwa ce, ma'anarta ka ƙyale ni. Kishiya ta tambayi kishiya ina wuƙa, ta ce ban sani ba, ai kowa ya san an fara. Shi ya sa muke yi mata riga. Wallahi ban sani ba. Gaskiya ba ni da masaniya. Ayya, ban da labari. Yanzu nake ji a bakinka. Ko mu ce Allah masani. Sai an lulluɓe ta sannan ta fita. To shi Malam ya ga an turo masa ita tsirara, kunnensa ya ji ta yadda zai ji ta a tsakar gida.

Kuma ga "oho". Ita ma ai ban sani ba ce, amma wa zai ce wa surukinsa oho?

BadukunWambai:
Hajiya wallahi kin taɓo wajen. Haka na ji ta, kamar yaro ya murguɗa min baki.

UmmuSadiq_Nas:
Hajiya ta gama magana. Kuma su ma suna da "oho" ɗinsu. "Beats me" da "Search me" kusan haka suke, tsakanin abokai ne, ba na faɗa wa shugabar sashenmu. "No idea" tana tsakiya, kowa na faɗa, amma in ka faɗe ta a bushe kana kallon wani wajen tana iya zama rashin kulawa. "I haven't a clue" ko "haven't got a clue" 'yan Ingila sun fi Amurkawa yin ta, tana nuna ko kusa ban sani ba. Wadda na fi so ita ce "It doesn't ring a bell", wato bai kaɗa min ƙararrawa ba. Ana faɗinta in an ambaci suna ka laluba a ƙwaƙwalwarka ba ka samu ba, tana nuna ka yi ƙoƙarin tunawa, wataƙila ma ka taɓa ji ka manta. Da ita Baturen ya yi amfani da ba mu zo nan ba.

A yi hattara da "That's news to me". A fuska kamar "yanzu nake ji a bakinka" ce, amma sau da yawa akwai ƙorafi a ciki, wato me ya sa ba a gaya min ba tun da wuri.

DanMaradi227:
Ta ƙararrawar nan mu muna cewa "ça ne me dit rien", wato sunan bai ce min komai ba. Su ƙararrawa ce ba ta kaɗa ba, mu magana ce ba ta fito ba.

Dalibin_Adabi:
Ƙarin bayani ga mai so. "Clue" asalinta "clew" ce, ƙullin zare. Daga tatsuniyar Girkawa ne, ta jarumin da ya shiga wani gini mai ruɗaɗɗun lunguna yana warware zare a bayansa don ya gane hanyar fita. Wanda ya ce ba shi da "clue" cewa yake ko bakin zaren bai kama ba. Mu ma ai muna cewa an gano bakin zaren.

Sai "It's Greek to me", wadda ke cikin wasan Julius Caesar na Shakespeare, inda Casca ya ce Cicero ya yi magana da Girkanci shi bai fahimci komai ba. Amma ita ta rashin fahimta ce, ba ta rashin sani ba.

ZangonKumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Ni kuma kishiyar matsalar na gani. Ɗan'uwana ya je ganawar neman biza, aka yi masa tambaya da sauri, ya ce "I don't hear". Nufinsa bai gane ba, kamar yadda muke cewa ba na jin Turanci. Matar ta ɗauka kunnensa ne, ta ɗaga murya ta maimaita da saurin nan dai. Mu "ji" ɗaya ce ta ɗauke sauraro da fahimta da ɗanɗano da zafin ciwo, su kowanne da kalmarsa. Shi ya sa nake ganin in mun ji "never heard" sai ta yi mana nauyi fiye da yadda suka nufa.

Almajirin_Zazzau:
Bismillah. Ina so in ja hankalinmu kan wani abu da Hajiya ta faɗa. Gaskiya ne a al'adarmu ana jin nauyin "ban sani ba", amma a wajen malamanmu na farko ado ce. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya arba'in da takwas, ya amsa talatin da biyu daga ciki da "la adri", ban sani ba. Malamin Madina ke nan, wanda mazhabarsa muke bi. Malamai suna cewa "la adri" rabin ilimi ce. Kuma a hadisin Jibrilu, da aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yaushe ne tashin alƙiyama, cewa ya yi wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sani ba.

Mun wayi gari ka tsaya a bakin titi ka tambayi hanya, mutum bai sani ba amma kunya ta hana shi faɗa, sai ya nuna maka gabas alhali wurin yana yamma. Ni a wajena wanda ya ce min bai taɓa jin garinmu ba ya fi min wanda zai ce "eh na san Kano sosai" don ya ji daɗin ciniki.

Bakatsine_Asali:
Allah gafarta Malam, ba a jayayya da wannan. Amma Imamu Malik ba a bushe yake faɗa wa baƙo ba. Ni har yanzu ina nan a kan bakana: mai tarbiyya, ko da wane yare, zai sa ɗan mai a maganarsa. Hajiya UmmuSadiq da kanta ta ce suna da mai laushin, bai zaɓe ta ba. Kuma Malama, ki faɗa mana gaskiya, ba a taɓa yin raini da wannan kalma?

MalamarTuranci:
Ana yi, ba zan ɓoye maka ba. In aka ambaci wanda kowa ya san ka san shi, abokin hamayya ko wani mai suna a fagenku, ka ce "Never heard of him", to da gangan ka yi, ka nuna bai kai ka san da shi ba. 'Yan dambe da mawaƙa da 'yan siyasarsu suna yi wa juna. Haka "I don't know him from Adam", wadda 'yan Najeriya suka riƙe sosai, tana iya zama bayani kawai, tana iya zama nesanta kai. Abin dubawa shi ne, akwai dalilin da zai sa a ce dole ya sani? Sannan me ya biyo baya? Mutumin da ke zaune a Ingila, mai yiwuwa bai taɓa taka Afirka ba, yana son jakarka har bai nemi ragi ba, ya kuma bi da tambaya. Ban ga inda rainin zai shigo ba. Gajarta ta yi yawa, na yarda. Raini, a'a.

Bakatsine_Asali:
To mun rage tazara, amma ba mu haɗu ba.

BadukunWambai:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. To yanzu me zan rubuta masa? Kwana biyu ke nan na bar shi.

Dan_Dala:
Ka rubuta masa tarihin gaba ɗaya, tun daga Bagauda.

UmmuSadiq_Nas:
A'a Malam, zai gudu. Layi uku ya isa. Ka ba shi haƙurin jinkiri, ka ce Kano tana arewa, tafiyar kusan kilomita dubu daga Legas, tsohon birnin kasuwanci ne da aka san shi da fata da rini shekaru ɗaruruwa. Ka sa masa maganar fatar Maroko da Dan_Dala ya kawo, a layi ɗaya, irin abin da suke so ke nan. Sai ka haɗa da ɗan bidiyo, ko na majema suna jiƙa fata a ruwan bagaruwa, ko naka kana yanka kana ɗinki.

BadukunWambai:
Na dawo. Ƙanina ya taya ni muka rubuta kamar yadda Hajiya ta ce. Na je Majema da safe na ɗauko bidiyon wani dattijo da muke sayen fata a wajensa tun zamanin mahaifina, yana murza fata da jan karan dafi, hannunsa ja wur har gwiwar hannu. Na tura. Bayan azahar ya amso: "Wow, I had no idea." Ya ce a ƙara masa alabe biyu a kan jakar. To Malama, wannan "had" ɗin fa? Ɗazu an ce "no idea" tana iya zama rashin kulawa.

MalamarTuranci:
Wannan daban ce. "I have no idea" ban sani ba ne yanzu. "I had no idea" kuwa ashe haka abin yake, da ban sani ba. Mamaki ne da yabo.

Bakatsine_Asali:
Madalla da ciniki. Amma ku lura har yanzu bai ce yi haƙuri ba.

Baba_Fansho:
Ɗana Baduku, ka tabbata kuɗin sun shigo asusunka kafin ka kai kaya wajen masu aikawa, kuma ka riƙe rasit.

DanMaradi227:
Malam Baduku alaben nan nawa kake sayar da shi, kuma kana aikowa Maraɗi? Akwai motocin da ke tashi daga Kano ta Katsina da Jibiya kullum.